Ranar da Za a Yanka Son Zuciya: Zaɓin Ɗan Adam a Zamanin Almasihu a Wajen Malaman Yahudu

A cikin Talmud na Babila, babban kundin muhawarar malaman Yahudu wanda aka kammala tattara shi wajen ƙarni na 6 na Miladiyya, akwai wani labari a babin Yoma da ya kamata mai son fahimtar mas'alar ko mutum zai ci gaba da samun zaɓi a zamanin Almasihu ya fara da shi. An ce dattawan Babbar Majalisa, waɗanda suka riƙe ragamar al'umma bayan an komo daga zaman bauta a Babila, sun yi azumin kwana uku dare da rana suna roƙon Allah ya danƙa musu sha'awar bautar gumaka a hannu, domin ita ce ta jawo aka rushe Haikali, babban ɗakin ibadarsu da ke Ƙudus, aka kwashe su zuwa baƙuwar ƙasa. Sai ta fito daga wuri mafi tsarki na Haikalin da siffar ɗan zaki na wuta, suka cafke ta, suka jefa a tukunyar darma suka rufe. Da suka ga ƙofar roƙo a buɗe take, sai suka ce bari su haɗa da sha'awar da ke tsakanin namiji da mace. Ita ma aka ba su, amma aka gargaɗe su cewa in suka kashe ta duniya za ta ƙare. Suka tsare ta kwana uku, aka bi ƙasar kaf ana neman ƙwan da kaza ta saka a ranar, ba a samu ko ɗaya ba. Dole suka makantar da idonta suka sake ta.

Wannan ƙarfi da ke fizgar mutum shi malaman ke kira yeser hara, karkatar zuciya zuwa ga mugunta, abin da ya yi kusa da son zuciya a bakinmu. Labarin ƙwan ya nuna ba su ɗauke shi abokin gaba zalla ba, har ma a tsohon tafsirinsu na littafin Farawa an ce ba don shi ba da mutum bai gina gida ba, bai yi aure ba, bai haihu ba, bai kuma shiga fatauci ba. Sai dai Talmud ɗin nan dai, a babin Sukka, ya ce a ƙarshen zamani Allah zai kawo yeser hara ya yanka shi a gaban salihai da mugaye. Daga nan tambayar ta taso. Idan aka yanka abin da mutum ke kokawa da shi, shin saura wani zaɓi a hannunsa? Idan kuma babu zaɓi, da me za a ba shi lada, kuma ina amfanin shari'ar da aka ɗora masa?

Almasihun da ake magana a kansa a nan shi ne wanda Yahudawa suke jira har gobe: mutum ɗan adam, sarki daga zuriyar Annabi Dawuda, wanda zai tattaro Isra'ilawan da suka warwatsu, ya sake gina Haikali a Ƙudus, yaƙe-yaƙe kuma su ƙare. Suna rarrabe kwanakinsa da lahira, wadda suke kira duniya mai zuwa, don haka tambayar a kan mutane take masu jini da tsoka, masu ci da sha da aure, a nan doron ƙasa.

Ayoyin da ake kafa hujja da su da kansu suna jan mutum gefe biyu. A littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 10, an umarci Isra'ilawa su yi wa zuciyarsu kaciya, wato su cire taurin kan da ya lulluɓe ta. A sura ta 30 ta littafin kuwa, inda ake maganar komowa bayan warwatsuwa, an ce Ubangiji ne zai yi wa zuciyarsu kaciya da ta zuriyarsu. Ayoyi kaɗan bayan wannan alkawari, a cikin surar dai, aka ce an shimfiɗa musu rai da mutuwa, albarka da la'ana, su zaɓi rai. Haka abin yake a littafin Ezekiyel: a sura ta 18 an ce su yi wa kansu sabuwar zuciya, a sura ta 36 kuma Allah ya ce shi zai cire musu zuciyar dutse ya ba su ta nama. Irmiya ya ƙara da alkawarin ranar da za a rubuta Attaura a kan zukata, har ba wanda zai buƙaci koya wa maƙwabcinsa sanin Ubangiji. Aikin da aka ce mutum ya yi da hannunsa a wuri ɗaya, shi aka ce za a yi masa a wani wurin.

Wanda ya ɗauki ayoyin alkawari a kan zahirinsu ba tare da jin tsoron inda za su kai shi ba shi ne Musa bin Nahman, malamin garin Jirona a Kataloniya, wanda aka haifa a 1194. Shi ne ya kare addininsa a shahararriyar muhawarar Barselona ta 1263 a gaban sarkin Aragon, inda batun Almasihu ya kasance jigon zance, bayan 'yan shekaru kuma ya yi ƙaura zuwa Falasɗinu a 1267, ya rasu wajen 1270. A tafsirinsa na ayar kaciyar zuciya ya ce tun daga farkon halitta an bar wa mutum ikon zama salihi ko mugu, kuma haka abin yake a duk zamanin Attaura, domin ya sami lada in ya zaɓi alheri, ya sha hukunci in ya so sharri. A kwanakin Almasihu kuwa zaɓen alheri zai zama ɗabi'a, zuciya ba za ta ƙara kwaɗayin abin da bai dace ba, domin kwaɗayi da sha'awa su ne fatar da za a yanke. Mutum zai koma yadda Adamu yake kafin ya ci ɗan itacen da aka hana shi. A tafsirinsa na Farawa ya riga ya bayyana wannan hali na farko: Adamu yana aikata daidai ne kamar yadda sammai da taurari ke bin hanyarsu ba sa kaucewa, kuma abin da itacen ya saka masa shi ne son abu da kishiyarsa. Bin Nahman bai ɓoye abin da za a rasa ba. Ya jingina da maganar Talmud a babin Shabbat, inda aka fassara ayar littafin Mai-Wa'azi a kan shekarun da mutum zai ce ba shi da marmari a cikinsu da cewa kwanakin Almasihu ne, waɗanda babu lada a cikinsu kuma babu alhaki.

Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 1138 ya kuma rasu a Fusɗaɗ ta Masar a 1204, ya riga Bin Nahman rubutu, kuma duk gininsa ya saɓa wa wannan fahimta. Likita ne a fadar Ayyubawa, da Larabci ya rubuta littafinsa Dalalatul Ha'irin, kuma a cikinsa ya kawo ra'ayin Ash'ariyya da na Mu'utazila a kan ƙaddara ya tattauna su, don haka mai karatun da ya san gardamar jabru da ƙadar a littattafan tauhidi ba zai ji baƙunta a wajensa ba. A kundinsa na shari'a, Mishne Tora, cikin dokokin tuba, ya ce an ba kowane mutum iko ya karkata inda ya so, kuma wannan shi ne ginshiƙin Attaura da umarni, domin in babu shi gargaɗin annabawa ya zama wasa. A Dalala kuma ya faɗi maganar da ta fi kowace kaifi a wannan fage: Allah yana canza ɗabi'ar abubuwa ta hanyar mu'ujiza, amma ba ya canza ɗabi'ar mutane ta wannan hanya. Ya ce ba don abin ya gagare shi ba, sai don bai taɓa nufin haka ba kuma ba zai nufa ba, gama da yana yi, da aiko manzanni da saukar da shari'a duk sun zama aikin banza.

Da ya zo kan kwanakin Almasihu a ƙarshen kundin, cikin dokokin sarakuna, sai ya bi maganar Shamuwel, malamin Babila na ƙarni na 3, cewa babu bambanci tsakanin wannan zamani da wancan sai fita daga ƙarƙashin mulkin daulolin waje. Duniya za ta ci gaba a kan al'adarta. Kyarkeci da ɗan rago da Ishaya ya ce za su zauna tare misali ne na al'ummai da za su daina cin juna, maganar da ta sa malamin Furobans ta kudancin Faransa, Ibrahim bin Dawuda, ya rubuta masa raddi a gefen shafi yana tuna masa cewa Attaura ta yi alkawarin kawar da mugayen namun daji daga ƙasar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a waɗannan surori ƙananan bayanai ne guda biyu. Na farko, cikin alamomin da ya ce za a gane Almasihu da su akwai cewa zai tilasta wa Isra'ila duka bin Attaura, kuma ba a tilasta wa wanda ba shi da ikon ƙi. Na biyu, ɗaya daga cikin hujjojinsa na zuwan Almasihu ita ce Attaura ta yi umarni a ƙara biranen mafaka guda uku idan ƙasar ta faɗaɗa, abin da bai taɓa faruwa ba. Biranen mafaka kuwa na wanda ya kashe mutum bisa kuskure ne, yana gudun mai ɗaukar fansar jini. Zamanin da yake buƙatar irin waɗannan birane zamani ne da gatari ke suɓucewa daga ƙota, dangin mamaci kuma zuciyarsu ke tafasa.

Ayoyi ma suna mara masa baya. Zakariya ya ce al'ummar da ta ƙi haurawa Ƙudus don idin bukkoki a wancan zamani ba za a yi mata ruwan sama ba. Ishaya, a surar da ya yi maganar sababbin sammai da sabuwar ƙasa, ya ambaci mai zunubi ɗan shekara 100. Haikalin da Ezekiyel ya siffanta a ƙarshen littafinsa yana da hadayar zunubi, har shugaban jama'a ma yana miƙa ta saboda kansa.

Akwai kuma abin da yawanci ake tsallakewa a maganar Talmud ɗin da Bin Nahman ya dogara da ita. Mai maganar, Shimon bin Ele'azar, ya fara ne da kwaɗaitar da mutum ya yi alheri tun yana samun wanda zai yi wa, tun yana da abin yi, tun abin yana hannunsa. Rashi, babban mai sharhin Talmud da ya rasu a Faransa a 1105, ya fassara rashin lada da cewa kowa zai wadata har ba wanda za a ba sadaka, rashin alhaki kuma da cewa ba wanda za a taurare wa zuciya a matse masa hannu. Kuma ayar da aka kawo wa Shamuwel a wurin don ƙin wannan ra'ayi ita ce wadda ta ce matalauci ba zai ƙare a ƙasa ba. Ke nan asalin saɓanin a kan talauci yake da sadaka, a kan ko za a wayi gari mai hannu da shuni ya fito ƙofar gida da kwanon hatsi ya rasa mai karɓa. Bin Nahman ne ya ɗauke maganar daga aljihu ya kai ta cikin ƙirji. Karatunsa ya fi zurfi, amma na Rashi ya fi zama daram a kan siyaƙin zancen.

Duk da haka ban yarda a ce Bin Maimun ya kayar da shi ƙasa warwas ba, domin idan aka bi maganarsa har ƙarshe sai a tarar ya iso kusa da inda takwaransa yake tsaye, ta wata hanyar dabam. Ya rufe kundinsa da cewa a wancan zamani ba yunwa, ba yaƙi, ba hassada, ba gasa, kayan daɗi za su yawaita kamar ƙura, kuma duniya ba ta da wata sana'a sai sanin Allah, kamar yadda Ishaya ya ce ƙasa za ta cika da sanin Ubangiji yadda ruwa ya rufe teku. A Dalala ya bayyana dalili: sharrin da mutane ke yi wa juna daga jahilci yake fitowa, kamar makahon da ke tuntuɓe ya ji wa kansa ciwo ya ji wa wasu, kuma in ilimi ya zo ƙiyayya za ta kau. To, mutumin da ba ya hassada, ba ya gasa, ba ya jin yunwa, kuma gaskiya a fili take a gabansa, me ya raba shi da mutumin Bin Nahman wanda alheri ya zame wa ɗabi'a? Abin da ya raba su shi ne hanyar isowa. A wajen ɗaya an yi wa zuciya aiki daga sama, a wajen ɗayan an kawar da abin da ke rufe ido, mutum ya gani ya bi. A nan kuwa rauni yake a gefen Bin Maimun, domin shi da yake likita ya fi kowa sanin majinyacin da ya san abin da ke cutar da shi sarai amma bai fasa ci ba, kuma tarihi bai nuna cewa ƙoshi yana kashe hassada ba.

Shi ma Bin Nahman yana da tasa ƙayar. Idan Adamu kafin zunubi kamar tauraro yake, ba ya son abu da kishiyarsa, yaya aka yi ya saɓa? Kuma yaya za a kafa wa wanda ba shi da zaɓi doka? Hayim na Boloshin, malamin Lituweniya da ya rasu a 1821, ya warware wannan a littafinsa Nefesh Hahayim da cewa Adamu yana da cikakken zaɓi tun farko, sai dai sharrin a waje da shi yake, shi ya sa sai da maciji ya zo ya yi masa magana. Bayan cin itacen ne sharrin ya shige ciki ya cakuɗa da shi, har mutum ya riƙa jin muryar son zuciya kamar tasa ce. A kan wannan fahimta, komawa halin Adamu ba ya nufin a ƙwace wa mutum iko, yana nufin a raba muryarsa da ta mai ruɗinsa. Mutum yana da ikon tura hannunsa cikin garwashi, ba wanda ya ɗaure shi, amma ba ya yi, kuma ba mai cewa an tauye masa 'yanci.

Iliya Desla, wanda ya koyar a Ingila kafin ya koma Bene Barak ta Isra'ila inda ya rasu a 1953, ya ba da ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani. Ya ce zaɓin mutum kamar bakin daga yake: ana gwabzawa ne a wuri ɗaya tak, abin da ke baya an riga an ci shi da yaƙi, abin da ke can gaba kuma ba a kai gare shi ba tukuna. Wanda ya tashi a gidan amana ba ya kokawa da zuciyarsa a kan ko ya yanki aljihun wani a kasuwa, abin ba ya ma zo masa, kokawarsa tana wani wurin, wataƙila a kan gulma ko girman kai. Wanda ya tashi cikin ɓarayi kuma tasa kokawar tana iya zama a kan ko ya kashe wanda ya kama shi. Kowa bakin dagarsa na matsawa gwargwadon abin da ya zaɓa jiya. Idan aka auna zamanin Almasihu da wannan, za a iya cewa bakin dagar 'yan adam gaba ɗaya ne zai matsa, kisa da zalunci su koma yankin da aka riga aka ci, a ci gaba da zaɓi tsakanin mai kyau da wanda ya fi shi. Mayir Simha na Dabinsk, wanda ya rasu a 1926, ya faɗi makamancin haka a kan Annabi Musa: ya ce an ɗauke masa zaɓi har ya zama kamar mala'ika, amma bayan da ƙoƙarin kansa ya kai shi wannan matsayi. Rashin zaɓin da aka samu ta hanyar zaɓi daban yake da na dutse.

Wannan ya dace da tsarin Musa Hayim Luzato, malamin Paduwa ta Italiya da aka haifa a 1707, wanda ya raba zamani gida biyu, lokacin aiki da lokacin karɓar sakamako. A wajensa an halicci kokawar ne domin mutum ya mallaki alherinsa da guminsa, kada ya ci abin da malaman baɗini na Yahudawa ke kira gurasar kunya, irin ta wanda ke cin tuwon wani ba ya iya haɗa ido da shi. In haka ne, kokawar tana da wa'adi tun asali, kamar yadda Talmud ya ce yau ranar yi ce, gobe ranar karɓar lada. Waɗansu malamai na baya kuma, ciki har da Manahem Mendel Shinason na Lubabic wanda ya rasu a 1994, sun sasanta Bin Maimun da Bin Nahman da cewa zamanin mataki biyu ne, na farko a kan al'adar duniya, na biyu mai sauyin ɗabi'a. Sulhu ne mai sauƙin karɓa, amma ni ina ganin ya jinkirta tambayar ne kawai, domin a mataki na biyu tana nan tana jira.

Kada a ɗauka gardamar zaure ce da ba ta taɓa rayuwar kowa. A 1665, da aka shelanta Shabtai Sabi ɗan Izmir a matsayin Almasihu, shi da waɗansu mabiyansa sun riƙa keta dokoki da gangan a kan cewa sabon zamani ya shigo, kuma ko bayan da ya musulunta a hannun hukumar Usmaniyya a 1666 an sami ƙungiyoyin da suka ci gaba a kan wannan tafarki. Wanda ya gaskata cewa an riga an yi wa zuciyarsa kaciya, duk abin da ta so sai ya ɗauke shi halal. Bin Maimun, wanda ya riga ya rubuta wa Yahudawan Yaman wasiƙa a kan wani mai da'awar Almasihu da ya bayyana a cikinsu, ya san abin da yake tsoro da ya nace cewa dokokin Attaura ba sa canzawa har abada.

Labarin yankan yeser hara a babin Sukka bai tsaya a kan yankan ba. An ce salihai za su gan shi kamar dogon dutse, mugaye kuma su gan shi kamar silin gashi, kuma dukansu za su yi kuka. Mugaye suna cewa yaya aka yi suka kasa rinjayar silin gashi, wannan kukan ba ya buƙatar sharhi. Salihai kuwa suna cewa yaya aka yi suka iya hawa wannan dutse, kuma nasu kukan ne ke da wuyar fassara, tunda su ne suka yi nasara. Ana iya cewa tuna wahalar da suka sha ce ta sa su hawaye. Ni dai na fi karkata ga cewa suna kallon gawar abokin kokawar da ya sa aka san su salihai ne, wanda kullum asuba shi ke danne su a shimfiɗa suna ture shi su tashi, kuma daga ranar za su riƙa tashi ba tare da kowa ya riƙe musu riga ba.